Tsarabar da na kai wa tsohuwar Lyon

Ko zan manta komai na zamana a Faransa, ban da ranar da na kai wa mai gidanmu tsaraba.

Lokacin ina karatu a Lyon, ina zaune a ɗaki guda a gidan wata tsohuwa Bayahudiya. Jininmu ya haɗu tun ranar farko. Na koya mata wasan jika da kaka irin namu, ina ce mata amarya, ita kuma ta ce mini mijin banza da bai iya gyaran famfo ba. Miyarta ta albasa har yau ban sha irinta ba.

Wani hutu na je Paris. Mu kuwa ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana. A wajen masu sayar da tsofaffin littattafai na bakin kogi na ci karo da littafin wani marubuci da na ƙaunata tun ina lakkwal, wato makarantar boko, a Zinder. Shi ya fara sa ni son Paris, da yadda yake ba da labarin titunanta da ƙuruciyarsa. Tarihinsa kam ko oho, ban taɓa tambaya ba.

Na saye shi, da na dawo Lyon na miƙa wa tsohuwar ina washe baki. Ta dubi sunan, ta ajiye a hankali.

"Ya iya rubutu," in ji ta. "Lokacin yaƙin duniya na biyu shi ke rubutawa a jarida cewa a kwashe mu Yahudawa a ba Jamusawa, har da yara. Ni an ɓoye ni a ƙauye. Babana da yayata ba su dawo ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kwana uku ina raɓe-raɓe, har na fara haɗa kayana, don ban ga da wane ido zan sake kallonta ba.

Rana ta huɗu ta tare ni a bakin ƙofa da littafin. Ta saka hoton yayarta a tsakiya, yarinya mai kitso biyu.

"Kada ka jefar, mijin banza. Ka karanta, amma yayata tana kallonka. Zo ka ci abinci."

Tsohuwar ta rasu da jimawa, ina kewarta ƙwarai. Ita ta koya mini cewa zaƙin alƙalami ba shaidar hali ba ne. Tun daga ranar ba na yabon marubuci sai na san wa alƙalaminsa ya sa kuka.