Awon Kunnen 'Yar Fari

Shekarar da kuɗin mai suka yi yawa, har malaman makaranta a Wudil suka soma hawa babur sabo fil, ita ce shekarar da kunnen 'yata ya toshe. Tana aji biyu. Malaminsu ya aiko cewa ba ta jin komai daga allo, in ba a yi wani abu ba za a ajiye ta a gida.

'Yar fari ce, don haka a hannun Inna, uwar mijina, take. Ko sunanta ba na kamawa, balle a ga na nuna damuwa. Na dai roƙi maigidan a ɓoye ya kai mu asibiti Kano.

Likita ya ce an kawo sabuwar na'ura mai auna ƙarfin iskar da ke bayan dodon kunne. Za a toshe kunnen da ɗan roba, na'ura ta hura iska kaɗan, allura ta zana layi a takarda. In layin ya yi tudu, lafiya. In ya kwanta, ruwa ne ya taru, kuma ana iya fitar da shi. Sharaɗi dai kada yarinya ta motsa, kada ta yi magana, ko yawu kada ta haɗiya.

Zuwan farko roba ya fito jage-jage da man shanu. Inna ta ɗiga mata da asuba, wai don kunnen ya yi laushi kafin likita ya taɓa. Aka ce mu dawo bayan ya bushe.

Zuwa na biyu Inna ta ɗora ta a cinya. Ana sa roba ta soma jijjiga ta.

“Iya, a daina girgiza ta,” in ji nas.

“To ai lallashi nake, 'yar nan. Ke ba ki da kaka ne?”

Allura ta yi ta tsalle kamar fara. Aka sake. Sai nas ta ga kumatun yarinyar na motsi, ashe Inna ta cusa mata alewa. Aka cire. Aka sake, Inna ta sunkuya tana yi mata tofi a kan kunnen da ake awo.

Ina tsaye jikin bango, na sha karanta yadda kunne yake a sakandare, na san abin da ke ɓata awon, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Sai istigfari nake a zuci.

Likita ya dubi layin mutane a waje, ya ce sau ɗaya ya rage mana.

Na ce, “Inna, ba ni ita.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Au, yau kuma taki ce? Lallai boko ya yi rana.”

Na karɓe ta. Ban taɓa rungumar ta a gaban mutane ba. Na kwantar da kanta a ƙirjina, ni ma na riƙe numfashi. Allura ta tafi sumul, layi ya kwanta shimfiɗe. Ruwa ne, duka kunnuwan biyu. Likita ya ba mu ranar aiki, ya ce malaminta ya dawo da ita bencin gaba kafin nan.

Muka kamo hanyar gida a mota har muka haye gadar Wudil. Sai da muka sauka Inna ta ce wa ɗanta ranar aikin ita ba za ta je ba, tunda yarinya ta yi uwa.