Likkafanin Yaya Hauwa

Salamu alaikum, jama'ar wannan shafi. Kun sha tsokanata cewa Alhaji ba ya jin magana sai an zagayo ta dama. Gaskiyarku, kunnena na hagu a mace yake. Kusan shekara sittin ban gaya wa kowa dalili ba. Yau zan faɗa, tun da sauran numfashi.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai na je aikin Hajji, ina saurayi. Da aka gama, na tsaya ziyara wurin yayata Hauwa a unguwar Hindawiyya a Makka. Ita ta goye ni ina jariri. Da ƙafa suka tafi ita da mijinta ta Sudan, ya rasu a Makka, ita kuma ta zauna tana tuyar waina. Shekararta goma sha tara a can, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Burinta ɗaya a duniya: a binne ta a ƙasar da aka binne mijinta. Har likkafaninta ta saya, ta wanke da ruwan Zamzam, ta adana a akwati.

Kwanana shida a gidan ciwon kai ya fara.

Na ce rana ce. Yaya ta jiƙa tsumma ta ɗora min a goshi. Washegari sai zazzaɓi da amai. Rana ta uku wuyana ya sandare, ko sujada ba na iyawa. In aka buɗe taga, hasken ya soke min ido kamar allura.

A gidan akwai wani dattijo, Baba Sale, shi ne babba ga duk Hausawan layin. Ya leƙo, ya taɓa wuyana, ya girgiza kai.

"Hauwa, sanƙarau ne. Kada ki kai shi mustashfa, asibitin nan nasu. Ciwon nan ana ɗauka, za su biyo gida su duba kowa. In suka ce ki kawo takarda fa?"



Ya ce, "Kuma wa ya ƙi mutuwa a Makka? Yaron nan ya gama Hajji, ba zunubi a kansa. Wallahi sa'a ya yi."

Ina kwance ina jin su. Bakina ya ƙi buɗuwa. Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, ni ban ga sa'a ba. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina son in ga mahaifiyata a Kano. A zuci nake ihu: ni ban shirya ba!

Ba mugunta ce ta sa Baba Sale ba, Allah Ya jiƙansa. Haka suka ɗauki abin.

Da azahar matan gidan suka fara shiri. Wata ta ce tunda ba ni da likkafani, a ari na Yaya, daga baya ta sayi wani. Da idona na ga an buɗe akwatin. Na ga farin yadin a hannun matar, tana warware shi tana duban tsawona.

Fitsari ya kufce min a kwance.

Sai Yaya ta shigo. Ta fizge yadin, ta ninke, ta mayar.

"Wannan nawa ne. Auta bai zo gidana don ya mutu ba. Yalla, ku kama min shi!"

Baba Sale ya ce, "Hauwa, kin san abin da kike yi?"

Ta ce, "Na sani, Baba."

'Yan kunnenta ta cire ta ba mai tasi. A asibitin kansa ba a karɓi ko sisi ba.

Likitan wani Bamisire ne. Ya sa aka naɗe ni kamar tabarma, gwiwa a ƙirji, ya soka doguwar allura a gadon bayana ya zuƙo ruwa. Ruwan ya fito gurɓatacce. Yaya ce ta fassara min abin da ya ce: "Da kun ƙara yini ɗaya, da ba ni za ku nema ba."

Aka keɓe ni a ɗakin masu irin ciwona. Allura bayan allura, har na rasa gefen kwanciya. Mutumin gadon kusa da ni, da safe muka gaisa da ido, da la'asar aka lulluɓe shi. Duk ƙarar gadon da ake tura gawa a kai, sai in ce nawa ne.

Kwana goma sha takwas na yi. Ranar da na iya sunkuyar da kai na ga yatsun ƙafata, kuka na yi. Kunnen dai ya tafi.

Amma Yaya ta daina zuwa tun rana ta biyar. Ranar sallama Baba Sale ne ya zo ɗaukata. Abin da ya faɗa ya faru: an je duba gidan, an tambayi takarda. Sauran sun ɓuya wurin dangi. Ita ta ƙi, don sunanta ke rubuce a katina, tana tsoron in ba a same ta ba a daina yi min magani.

A Jidda na iske ta, an kama ta, tana jiran jirgin ruwan da zai fitar da marasa takarda daga ƙasar. Akwatin yana gefenta. Na durƙusa na ce, "Yaya, ki yafe min." Ta ce, "Tashi, sakarai, ka ba ni kunya cikin mutane. Ka ci abinci?"

Shekara goma sha ɗaya ta yi a Kano kafin ta rasu. Ko sau ɗaya ba ta goranta min ba. Amma in alhazai za su tashi, ɗaki take shiga ta rufe ƙofa.

Na gode wa Allah da Ya tashe ni. Na gode wa likitan da ban san sunansa ba.

Ku kuma, in kun ga ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, ku ruga asibiti a ranar, kada ku ce rana ce. In za ku ziyarci dangi a waje, ku yi rigakafi, ku riƙe takardunku, ku san halin da mai masaukinku yake ciki. Kuma kada ku yanke wa mara lafiya mutuwa a gabansa. Yana jin ku.

Don Allah ku sa Yaya Hauwa a addu'a. Likkafanin nan ta shiga da shi kabari, kamar yadda ta so. Amma a ƙasar Kano, kuma ni na saka ta.