Takardar da Malam Isyaku ya manna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran maigidana a sana'a, Malam Isyaku mai gyaran kwamfuta na Gyaɗi-Gyaɗi. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin shago. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa.

Malam, shekara shida ina zaune a gefen teburinka. Na zo maka ban gama sakandare ba, Turancin da ke fitowa a fuskar kwamfuta ma ba na iya karantawa. Ba ka taɓa yi mini gori ba. Da ka lura na fi gane ajami, sai ka koma rubuta mini bayanin kowane aiki da shi a 'yar takarda, ka manna a murfin kwamfutar.

Gardamarmu ɗaya ce, kuma ba mu gama ta ba. Ni na yarda da kayan gwaji: mita, da katin nan da ake sokawa ya nuna lamba, da manhajar da ke duba lafiyar kayan ciki. Kai ma kana aiki da su, ba ka raina su ba. Amma sai ka shinshina kwamfuta, ka kara kunne, ka sa mai ita ya ba ka labari tun daga farko, sannan ka ɗauki mita. In na ƙosa sai ka ce, "Injiniya, abin da ka tambayi mita shi kaɗai za ta faɗa maka."

Aikin da ka bari shi ne kwamfutar Madam Virginia, malamar makaranta a Tarauni. Sakamakon jarrabawar ɗalibanta na ciki, ana jiransa ran Litinin. A gidanta kwamfutar ba ta minti ashirin sai ta mutu, a shago kuwa lafiya lau. Bayan sadakar uku matar ta zo gaisuwa, ta ce in ba zan iya ba kada in ji nauyi, za ta kai wani wuri. Na san in ta ɗauke, sauran masu kawo gyara ma za su ɗauke nasu, shagon da iyalinka ke ci da shi ya rufe.

Kwana biyu ina gwaji. Duk abin da na jona sai ya ce babu matsala. Na gaji, Malam, har na fara naɗe waya. Sai a lokacin na karanta takardarka da kyau: "Tambaye ta a kan me take ɗora ta."

Na ɗauki kwamfutar na hau adaidaita sahu na je gidanta. Ashe saboda ciwon baya a gado take aiki, kwamfutar a kan matashin kai, ƙofar iskar a toshe, ga zafin Afrilu. Na roƙi faranti na ɗora ta a kai. Muka zauna har La'asar ba ta mutu ba. Madam ta yi dariya, daga nan kuma ta fashe da kuka.

A nan ka ci gardama. Amma akwai wadda ban yafe wa kaina ba. Watan jiya Garba mai kemis ya ɗaura maka na'urar awon jini, ta nuna lamba mai ban tsoro. Ka ce kai ka san jikinka, ba ka jin komai. Ni da nake cika baki da kayan gwaji, shiru na yi, don ina jin nauyinka. Wannan na'urar ba ta yi ƙarya ba, Malam.

Gobe zan buɗe shago. Zan fara da tambaya, sannan in ɗauki mita.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Kulu da yara, da 'yan'uwa na Darmanawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, amin.