Tsohuwar Lamba

A ƙungiyar ɗaliban sashenmu ba a yin zaɓe. Wanda lambar rijistarsa ta fi ta kowa tsufa shi ne ciyaman, mai bi masa ya zama mataimaki, haka har ƙasa. An ce a shekarun baya an taɓa yin zaɓe ya koma rigimar ƙabila, Alago a gefe, Eggon a gefe, 'yan cikin gari a gefe, har aka rotsa wa wani kai da kujera. Daga nan aka ce a bar wa lamba, tunda ita ba ta da yare. Ko a wajen taro lambar ce ke raba magana. Ciyaman ya fara, a riƙa saukowa shekara-shekara, 'yan ajin ƙasa su zo ƙarshe. Ana zama ƙarfe biyu da rabi ranar Laraba, a tashi da kiran la'asar. Na shekara ɗaya da rabi ina halarta, layin bai taɓa isowa kaina ba.

Abin bai dame ni ba. Ni dama ba mai magana ba ne, idan ido ya yi mini yawa muryata rawa take yi. Da suka ga rubutuna yana karantuwa sai suka miƙa mini littafin taro, na samu wurin sunkuyar da kai. Ban da haka gida ya riga ya horar da ni. Baba tsohon soja ne, da igiya uku ya yi ritaya ya gina gida a Azuba. A gidanmu wanka bi da bi ne daga babba zuwa ƙarami, haka ɗaukar nama a kwano. Ni ne na huɗu cikin biyar, na saba da ruwan da ya huce.

Ciyaman ɗinmu Siniya kowa ke ce masa. Shekararsa ta bakwai ke nan a karatun da ake gamawa a uku. Ƙato ne mai fara'a, babu mai gadi ko ɗan keke a bakin ƙofar makaranta da bai san sunansa ba. Lokacin da mai gidan haya a Akurba ya watso kayan wata 'yar ajinmu waje, shi ya je ya zauna da mutumin a kan benci har aka mayar da kayan. Da mahaifiyar wani ta rasu, kafin azahar ya haɗa motoci biyu na ta'aziyya. Ban taɓa raina shi ba, kuma har yau ban raina shi ba.

A shekarata ta biyu, wata ranar Alhamis, aka liƙa sakamakon jarrabawa. A darasin aikin gwaji, 'yan rukunin Talata duk makinsu ya fito. Mu 'yan rukunin Juma'a, mu goma sha tara, sai ɗan gajeren layi a gaban sunan kowa. Wanda ba shi da makin wannan darasi ba a tura shi koyon aikin koyarwa, wanda bai je ba kuwa sai ya jira wata shekarar. Na tsaya gaban allon ina kallon layin nan har wani ya ce in matsa.

Akwai wani ɗan littafin dokoki da ake ba kowa ranar rijista. Yawancin mutane fifita suke yi da shi kwana biyu su yar. Nawa yana nan, na sa masa bangon leda. A ciki an rubuta cewa ƙorafin ɓatan maki a rubuce ake kai wa shugaban sashe, cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da aka liƙa sakamako, haɗe da shaidar halarta. Idan masu ƙorafin sun wuce biyar, sai ta hannun ƙungiya, da sa hannun ciyaman. Shaidar ina da ita, domin duk Juma'a nakan ɗauki hoton takardar halarta da wayata kafin in miƙa ta gaba. Har dariya ake yi mini a kan haka.

Taron Laraba ya zo a kwana na shida. Siniya ya miƙe ya ce ya ji abin da ya sami yaransa, kuma ya san maganinsa.

"Za mu kai wa shugaban makaranta ziyarar ban-girma," in ji shi. "Kowa fararen kaya. Ya tafi Abuja, sati biyu zai dawo. Da ya ga fuskarmu, magana ya ƙare."

Mataimaki ya goyi baya. Sakatare ya ce a sa hula. Aka shafe kusan minti ashirin a kan ko mata za su ɗaura ɗankwali iri ɗaya. Ni kuwa ina rubutawa, ina ƙirga kwanaki a gefen shafi. Sati biyu ya wuce wa'adi da kwana shida. Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba.

"Kai, sauke hannu, ba a aji kake ba," mataimaki ya ce. "Layi bai zo ba."

Aka yi dariya. Na sauke. Ana kan 'yan shekara ta uku ladan ya kira salla.

Bayan salla na bi Siniya har inda yake jiran keke. Na ce masa akwai wani abu a littafin doka da ya shafi maganarmu.

"Ɗan littafi," ya ce, ya dafa kafaɗata. "Yaushe ka shigo makarantar nan?"

"Bara, Siniya."

"Bara! Ni na ga shugaban sashe uku. Wannan makaranta ba takarda yake ji ba, fuska yake ji. Ka kwantar da hankali, abeg." Ya shige keke yana ɗaga wa direban hannu tun kafin ya zauna.

Washegari na je ofishin sashe da takardata ni kaɗai. Matar da ke karɓar takardu ta duba ta turo mini abata. Ta ce maganar rukuni ce, an hana karɓar ɗaiɗai, in kawo da sa hannun ciyaman. Na gaya wa abokaina biyu cikin goma sha taran. Ɗaya ya ce, "To kai da ka karanta ka faɗa masa mana." Ɗayan ya ce in kwaikwayi sa hannun kawai, wa zai duba. A ɗaki na gwada a bayan wani tsohon littafi. A karo na huɗu ya fito sak, har da ƙugiyar da yake yi a ƙarshe. Na tsorata da hannuna, na yage shafin na kai murhu.

Ranar Lahadi da hantsi na sami Baba a bayan gida yana kafa wa doyarsa sanduna. Na riƙe masa igiya na ba shi labari. Bai katse ni ba.

"Ya girme ka a lamba?"

"Da shekara biyar."

"To me kake so in ce?"

Na ce, "Baba, amma bai sani ba. Daɗewa ce kawai." Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Na ƙara da cewa ai shi da kansa ya shekara yana sara wa laftanar sa'an ɗansa, saboda yaron ya yi karatu.

"Wannan aninin kafaɗa ne, ba shekaru ba. Daban ne." Ya soka sanda ya danna da ƙafa. "Kuma yaron nan da aninin nasa, idan ruwa ya ƙare, samanja yake kallo."

Sai ya ba ni labarin wani samanja da suka yi aiki a daji lokacin yana kofur. Ya ce tsohon idan ya kalli kurtu sau ɗaya ya san ko zai gudu, idan ya sunsuni rijiya ya san ko za a sha. Amma taswira ba ya gane kanta da gindinta. Wata rana ya nuna musu hanyar da Baba ya san fadama ce, damina kuma ta sauka. Baba ya yi shiru, domin kofur ba ya gyara wa samanja a gaban kurata. Kwana biyu suka yi suna haƙo mota daga taɓo, wani yaro ya rasa yatsu biyu a ƙarƙashin jak ɗin ɗaga mota.

"Daga ranar ban sake yin shiru ba," ya ce. "Amma ban taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Sai in je da taswira in ce, Sa, hanyar da ka ce mu bi jiya, wannan ce ko? In ɗora yatsa a kan ta daidai. Shi kuma ya ce, ita ce, kofur, ka fara koyo."

"Ya san ba shi ya faɗa ba?"

"Ya sani mana. Ai ba wawa ba ne."

"Kuma sunan wa ya tafi sama?"

Baba ya karɓi igiyar daga hannuna. "Ka ga an ba ni ta huɗu?"

Ranar Litinin na rubuta takardar. Na buɗe ta da cewa bisa umarnin ciyaman, na jera sunaye goma sha tara da lambobinsu, na buga hotunan takardun halarta na maƙala. Sau uku ina sake dubawa. Ranar Talata da rana na same shi a wata rumfar abinci a Akurba, yana cin sakwara da abokansa biyu. Na daɗe a tsaye a rana kafin in shiga.

"Siniya, ga takardar da ka ce a shirya kafin ziyara."

Ya ɗago. "Na ce?"

"Ka ce kada mu je hannu rabbana."

Ya dube ni, ya dubi abokansa. Sai ya yi dariya. "Kun gani? Yaro mai jin magana. Kawo in ga ko ka yi yadda na ce."

Ya wanke hannu ya goge a wando. Yana karantawa yana gyaɗa kai don su gani, har ya iso inda na ambaci darasin da kwana goma sha huɗun. Nan kan ya tsaya. Ya koma ya sake karanta layin. Ya ce in ba shi littafin dokar, na buɗe masa shafin. Abokansa suka gama ci suka ce sai ya fito, suka bar shi da littafin a hannu.

"Wannan doka tun yaushe?"

Na nuna masa shekarar bugu a bayan bango. Ta riga shi shigowa.

Ya ajiye littafin a kan tebur a hankali. Ya ce a shekararsa ta biyu, a wannan darasin, shi ma gajeren layi aka sa masa. Ciyaman ɗinsu na lokacin ya kwashe su da fararen kaya zuwa ofishin shugaban makaranta. Aka ba su lemo mai sanyi, aka ce za a duba. Suka jira. Da ya zo maimaita darasin sai lokacinsa ya haɗu da na wani, ya faɗi wancan, daga nan abubuwa suka yi ta hawa kan juna.

"Ina da shaida fa," ya ce. "Duk Juma'a na je. Ko ɗaya ban fasa ba."

Mai abinci ta zo ta kwashe kwanuka, ta tambaye shi ko a ƙara miya, ya girgiza kai. Ya karɓi birona ya sa hannu, ya danna har takardar ta huje wajen ƙugiyar.

"Ka kai gobe da safe. Kuma ɗan littafi, wannan magana ya tsaya nan. Ziyara yana nan yadda na ce."

Na ce to, Siniya.

Na kai ranar Laraba da safe, kwana na goma sha uku. Matar ta buga hatimi ba ta ko ɗago ba. Bayan sati ɗaya aka yi ziyarar. Na sa farin kaftanin yayana da ya yi mini yawa, aka ba mu lemo mai sanyi, aka ɗauki hoto. Kwana kaɗan bayan haka makinmu ya fito, mu duka goma sha tara. An ce takardar rukunin Juma'a ce ta maƙale a cikin wani fayil.

A taron da ya biyo baya aka yi wa Siniya tafi har da buga tebur. Mataimaki ya juyo ya ce mini, "Rubuta. Ziyarar ban-girma da ciyaman ya jagoranta ita ta fito da maki." Na dubi Siniya. Yana murmushi, idonsa a kan taga. 'Yan ajin farko suna baya a zaune suna sauraro, kuma na san abin da suke koya ke nan: idan makinka ya ɓata, ka nemi fararen kaya. Na san lambar shafin da ya kamata in miƙe in karanta musu. Amma duk wanda ya ji shi zai ƙirga shekarun Siniya ya gane, kuma layi bai zo kaina ba. Na rubuta abin da aka ce in rubuta, da kyakkyawan rubutuna.

Da na gaya wa Baba maki ya fito, tambaya ɗaya ya yi.

"Sunan wa ke kan takardar?"

"Nasa."

"To an yi daidai." Ya ci gaba da shafa wa takalminsa mai, takalmin da ba ya zuwa ko'ina da shi sai masallacin Juma'a.

Aka tura ni koyon koyarwa wata firamare a bayan gari. Siniya ya ƙara shekara, lambarsa ta ƙara tsufa, ya ci gaba da zama ciyaman. Kafin in tafi aka ce in miƙa littafin taro ga wata yarinya 'yar ajin farko, mai tabarau, wadda ita ma ba a taɓa jin muryarta ba. Na so in ja ta gefe, amma mataimaki yana tsaye a kanmu yana jira ya kulle ɗaki. Abin da na iya yi na riga na yi shi da safe: a cikin bangon baya, can ƙasa, na rubuta lambar shafin da fensir, da kalmomi huɗu, kwana goma sha huɗu. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, Siniya." Mataimaki ya kaɗa makullai, muka fita.