Takardar da Na Karanta a Kasuwar Kurfi

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, na yi aikin shela a wani kamfani mai sayar da dunƙulen gishirin lasa na dabbobi. Muryata suka ɗauka aiki. Ina zama a bayan mota da lasifika, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ina zuba kalaman da na haddace a waƙoƙin soyayya, har gishiri ya koma kamar turare.

A Birchi akwai wata bazawara da nake nema. Tumaki huɗu gare ta, su ne dukiyarta kaf, kuma ni da hannuna na kai mata dunƙule biyu toshi. A raina na riga na gina mana ɗaki, har na dasa lalle a bayansa.

Kayan gishirin da aka kawo da daminar shekarar sun zo da wani abu a ciki. Dabbobi suka yi ta kumburi suna faɗuwa, daga rugage har cikin gari. Nata uku suka mutu, ko wuƙa ba a samu sa musu ba.

Manaja ya zo daga Kano ya tara mu a inuwar shago. Ya ce lauya ya hana a yi wa kowa jaje, wai wanda ya ba da haƙuri ya amsa laifi ke nan. Na ce masa a nan ko tsawa ce ta kashe akuya, maƙwabta kan zo jaje. Ya ce ita tsawa ba a kai ta kotu. Ya miƙo mini takarda: wai annoba ce ta shigo daga arewa, kuma masu kiwo ba sa shayar da dabbobi yadda ya kamata. Ya haɗo da kalanda mai hoton saniya, a rarraba.

Ranar kasuwar Kurfi na karanta takardar sau uku, da muryar nan tawa mai daɗi. Mahaifin bazawarar, tsoho mai sanyin hali, ya tsaya gefen mota har na gama.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"A'a, Baba."

"To, sauko ka ce mana sannu, in koma gida. Ita ma abin da take jira ke nan."

Manaja na zaune a gaba, gilashi a sauke. Na dubi ƙeyarsa. Sai na miƙa wa tsohon kalanda. Ya karɓa da hannu biyu, har ya yi godiya.

Bayan mako guda na hau keke zuwa Birchi, na tsara jawabi mai tsawo a hanya. Yayarta ce ta leƙo zaure. Ta ce ƙanwarta ba za ta fito ba, masu jaje sun gama zuwa tuni, kuma kada in sake wahalar da ƙafata.

Na ƙara shekara shida a kamfanin. Abin da suka canza kawai launin takardar da ake naɗe gishirin, kuma ni na yi shelar sabon launin.