Wayar da ta tsinke a cikin rigarta

Shekarar da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare, damina ta yi kyau a Arewa. Dutsen garinmu, wanda ya saba tsayawa ja wur a bayan gidaje, ya yi kore a gindinsa, hatsi kuma ya fi mutum tsawo. Ina da takardar shiga jami'a a Yamai. Na ninke ta huɗu, na sa ta cikin littafin da nake rubuta waƙoƙina, na ce wa Inna zan bari sai baɗi. Ba ta tambaye ni dalili ba, domin ta san shi.

Baba mai gyaran wutar mota ne. Rumfarsa tana bakin kwalta a Dogon Dutsi, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro da ya girme ni. Tun farkon hutu ya fara cewa in riƙa raka shi, wai zaman gida zai sa in manta lissafi. Sai ya buɗe takardar zanen wayoyi, ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ce in karanta masa, ya ji ko faransancin da aka koya mini a lise, makarantarmu ta sakandare, na gaske ne. Daga nan ya ɗago wata waya ya ce in faɗi launinta. Na yi mako guda ina ɗauka wasa ne. Ranar da ya riƙe kore ya kira ta ruwan ƙasa, sannan ya tsaya yana murza ta tsakanin yatsunsa, na gane. Likita ya riga ya gaya masa ba yanar ido ba ce da za a cire. Ganin ne yake raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ba mu taɓa yin maganar ba. Ni dai na zama mai karanta lambobin mita da faɗin launi, a hankali, yadda masu mota ba za su ji ba. Na ƙudurta a raina cewa in na tafi, rumfar nan za ta rufe.

Ana saura kwana goma a rufe rajista a jami'a, wata ungozoma ta kawo motarta. Baƙuwa ce, aiki ya kawo ta asibitin Ɗan Kassari, kowa Madam yake ce mata. Motar irin mai canza giya da kanta ce. Ta ce a kan kwalta lafiya lau take tafiya, amma da ta kama hanyar ƙauye sai ta yi wata girgiza, wata fitila ta kama ƙyaftawa a gaban direba, motar ta maƙale a giya ta uku, ta ƙi gaba ta ƙi baya a canji. In ta kashe ta kunna, sai ta dawo daidai, kafin wani lokaci ta sake. Ta kai ta Doso, an jona mata na'ura, na'urar ta ce laifin ɗan abin da ke auna gudun mota ne. An sa sabo, ba ta daina ba. An sake sa wani. Yanzu kuma an ce gidan giyar ne gaba ɗaya za a sauke.

Baba bai taɓa motar ba tukuna. Haka yake yi: ya ba mutum benci, ya sa a kawo ruwa, ya yi ta tambaya kamar mai neman labarin dangi. Da sanyi take yi ko da zafi? Da kaya ko ba kaya? A ina ta fara?

Madam ta yi dariya ta ce wannan kam ta sani, domin kullum wuri ɗaya ne, daidai wata tsamiya bayan an haye kori, kwarin da ruwan damina yake bi. Har matan garin sun ce doguwar tsamiyar ce take riƙe motar, an ma ba ta shawarar ta ajiye farin goro a gindin itacen.

"To kin ajiye, Madam?" in ji Baba.

"Sau ɗaya," ta ce, tana rufe baki da gefen gyale. "Kar ka gaya wa likitanmu."

"Ashe doguwar ta ci goro ta hana hanya. Ni tambayata guda ce: daga tsamiyar nan ne hanya take fara gargada?"

Ta ce ƙwarai, daga nan ne.

Ta bar mana motar ta tafi kasuwa. Baba ya bayyana mini abin yadda yake bayyana komai, da misalin gida. Ya ce irin wannan mota tana da ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar kuma ba ta ganin hanya, labari ake kai mata ta waya. Muddin ana gaya mata gudun mota, ta san lokacin canza giya. In labari ya yanke, sai ta tsorata ta zauna a giya ɗaya, kamar tsohuwar da ta ƙi fita tun da ba ta ji sallama ba. Na'urar Doso ba ƙarya ta yi ba. Ta ce labari bai iso ba. Mutane ne suka ɗora laifin a kan mai ba da labarin, ba su duba hanyar da yake bi ba.

Muka fara daga abu mai sauƙi. Ya sa na auna batir, na faɗa masa lamba. Ya goge bakin wayar da ke haɗe da jikin mota har ya yi ƙyalli. Muka duba fis na wutar motar ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi, ya cire mahaɗin wayoyin da ke jikin gidan giya, ya hura, ya shinshina, ya ce babu ruwa babu tsatsa. Na duƙa kusa da shi da takarda, ina cewa fara mai ratsin ja, shuɗiya mai ratsin baƙi. Muka auna sabon abin awon gudun, lafiyarsa ƙalau. Muka auna wayoyinsa biyu daga can har ƙwaƙwalwa, mita ta yi kukanta siriri, alamar wuta tana wucewa. Komai daidai. Na haska fitilar hannu na bi wayoyin da ido tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Babu ƙuna, babu yanka, babu cizon ɓera.

Rana ta yi tsaka. Na ce masa, cikin jin nauyi, ni ban ga komai ba.

"Rufe takardar nan, uwata," ya ce. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. "Kashe fitilar. Ki bar mita tana kuka, ke dai ki saurara."

Ya kama wayar da yatsu biyu, ya fara bin ta a hankali, yana ɗan lanƙwasawa, yana ɗan ja. Na ga ya lumshe ido. Ina jin kukan mita, da kurciya a kan dogon yaro, da amalanken jaki yana wucewa. Ya kai wani wuri inda wayar ta zagaya bayan wani ƙarfe, sai kukan ya yanke. Ya saki, ya dawo. Ya sake lanƙwasawa, ya yanke.

"Ba ni hannunki."

Ya ɗora yatsuna a wurin. Robar wayar sumul take, ko ƙwarzane babu. Amma da na ja kaɗan sai na ji ta miƙe, laushi laushi, kamar karan da tsutsa ta cinye cikinsa. Jan ƙarfen ciki ya tsinke, bakunan biyu suna taɓa juna in mota tana kan kwalta, su rabu in hanya ta girgiza ta.

"Idonki lahiya lau yake," ya ce. "Kin gan ta?"

Na ce a'a.

"To."

Ya yanke wurin, ya sa na riƙe masa bakunan biyu, ya yi dalma, ya naɗe, ya ɗaure wayar nesa da ƙarfen da ya yi ta goga ta.

Bayan la'asar muka fita gwaji, Madam tana tuƙi, Baba a gefenta, ni a baya. Hatsi dama da hagu, mata suna dawowa daga gona da harawa a ka. Baba ya jingina kai, yana ƙirga canjin giya da yatsa a kan gwiwarsa: ɗaya, biyu, uku. Muka haye kori, muka wuce tsamiya, gargada ta kama mu har haƙorana suna haɗuwa. Yatsansa na huɗu ya sauka. Madam ta ce alhamdu lillahi, ta ce yanzu sai ta je ta karɓo goronta.

A hanyar dawowa ta ambaci cewa ranar Lahadi za ta Yamai wani taron aiki. Baba bai juyo ba, yana fuskantar hanya ya ce, "In da wuri a motar, ga fasinja nan bayanki. Makaranta za ta tahi. Takardarta na cikin littahin waƙa, ta ɗauka ban sani ba."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannun nan mai baƙin mai. Na kalli gonaki ta taga har suka daina fita sosai a idona.

Motar da na riƙe wa waya ita ta kai ni Yamai. Duk hanya ina sauraron canjin giyarta, ina jin kamar wani abu a cikina yana fatan ta maƙale, mu juya. Ba ta maƙale ba.

Shekara huɗu ke nan. Rumfar tana nan, ko da yake yanzu sai aikin da ya gagari kowa ake kawo masa, kuma yakan daɗe a kan mota ɗaya. Wani lokaci ina tsakiyar karatu wayata takan yi ƙara da kiran bidiyo. In na ɗaga, ba fuskarsa nake gani ba, sai tarin wayoyi da babban yatsansa, da hasken ranar garinmu, da gefen bencin nan.

"Uwata, wace ce kore a nan?"

Nakan faɗa masa. Yakan ce haka ya zata. Sau da yawa na lura yatsansa yana kan koren tun kafin in yi magana. Ban taɓa gaya masa na lura ba. Nakan ce ya matso da wayar kaɗan, ya ɗan ɗaga ta sama, wai ban gani sosai ba, har sai dogon yaron ya shigo cikin hoton.