Hashimu da Lissafin Rabon Ruwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan Hashimu na rabon ruwa a fadamar shinkafa ta bakin kogi, kusa da Gaya. Malamin lissafi ne a da, shi ya sa har yau Mushe ake kiransa. Al'adar manoman ita ce, kafin a tada injin ban ruwa, sai an karanta lissafin rabon a gaban kowa, mai ja ya ja.

Bana sai wani porje, wato shirin raya noma, ya turo injiniya, Abdoulaye, da ordinata, wato kwamfuta, mai lojisiyel, manhajar lissafi ta saye. Ka zuba masa faɗin gona, ya ba ka awannin ruwa. Ajuma, tsohuwar da gonarta ke can ƙarshen kanal, hanyar ruwan, awa biyu ya yanka mata. A da huɗu take samu, a rabon ido da sabo. Awa biyu kuwa dashenta ƙonewa zai yi.

"Mushe, sa hannu kawai a lissafin lojisiyel ɗin," in ji Abdoulaye.

"Buɗe mini cikinsa in ga ta ina ya bi."

"Ba ya buɗuwa, sirrin kamfani ne. Manyan masana suka rubuta shi."

"Ɗalibin da ya kawo mini amsa babu hanya, sifili nake ba shi, ko ɗan gwamna ne."

Kwana uku Hashimu ya yi yana rubuta nasa lissafin a cikin wani lojisiyel buɗaɗɗe, wanda kowa ke iya karanta cikinsa. Layi talatin. Ya buga a takarda, ya tara manoma. Abin haushi, nasa ma awa biyu ya ba Ajuma. Abdoulaye ya yi dariya har da tafi.

Hashimu ya ɗauki takardar. Ya shiga karantawa layi-layi, yana fassarawa da Hausa da Dandanci, yaren yankin. A layi na tara ya ce, "An ɗauka duk gonakin ƙasarsu iri ɗaya ce."

"Tsaya, Mushe," in ji Ajuma. "Wa ya ɗauka? Tawa rairayi ce, shan ruwa take kamar raƙumi. Kai ma ka taka ta."

Maƙwabtanta suka shaida. Nan take ya gyara layin a idon kowa, ya sake lissafi: awa huɗu ba kwata.

"Ashe kai ma kana kuskure," in ji Abdoulaye.

"Ina yi, yaro. Nawa tsohuwa ta kama shi daga zaune. Naka wa zai kama?"

Manoma suka ce da lissafin Mushe za a yi. Ajuma ta ɗaure zane ta nufi kanal, tana mitar kwatar da aka rage mata.